Sawu a Cikin Masara

Litinin, 24 ga Yuni, bayan la'asar

Ruwa: an yi jiya, bai kai na makon da ya wuce ba.

Malama Falta, malamar gona, ita ta raba mana waɗannan littattafai a Tsanyawa, wai mu riƙa rubuta ranar shuka da ranar ruwa da ranar zuba taki. To, ga shi na rubuta. Na shuka masara ran goma ga wata a gonar bayan gida, na zuba takin kamfa ran ashirin. Sauran shafukan nawa ne, ba na jin za ta karanta.

Masarar ta fito, amma launinta bai kwanta mini ba. Sabon ganyen da ke leƙowa daga tsakiya fari ne. Ba ɗorawa ba irin na yunwar taki, wannan na san shi tun ina yaro. Fari sol, zane biyu a kowane ganye, jijiyar tsakiya ce kawai ta rage kore.

Baba ya nemi ƙasarsa kamar kullum. Shekara biyu ke nan da idonsa ya tafi, ƙafar hagu kuma ta koma sai ja, tun daga nan bai taka gonar ba. Duk bayan ruwa sai a kawo masa ƙasa cikin tafin hannu da ganye ɗaya, ya murza, ya shinshina, ya faɗi abin da za a yi. Yau ma na kai masa. Daga gonar Badaru maƙwabcinmu na ɗebo.

Ya daɗe yana murzawa, sannan ya ce madalla.

Laraba, 26 ga Yuni, da hantsi

Badaru ya tare ni a iyaka, ko gaisuwar kirki babu.

"Sama'ilu, gefen gonata yana zubowa cikin raminka."

Na ce ba rami ba ne, gona ce.

"Gonar da ake sauka cikinta kamar kududdufi? Tsaya nan ka gani, kunyata a gwiwarka take."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ji haushi. Da da ne, daga hanya kai tsaye mutum yake shiga gonarmu. Yanzu sai an sauka, sai dai ta gabas inda motocin kwasar ƙasa suka bar gangare.

Rumbu ya ƙare tun watan Maris, mu takwas a gida, farashin dawa kuma kullum da wanda ake wayar gari da shi. Tifofin sun yi kwana shida suna zuwa suna tafiya. Na ce wa Baba hanyar Tsanyawa ake gyarawa. Iyakar abin da zan rubuta a kan wannan ke nan.

Juma'a, 28 ga Yuni, bayan an sauko masallaci

Mutane sun fara biyowa ta bayan gidanmu, kowa da uzurinsa. Wani akuya yake nema, wani hanya ce ta biyo da shi. Sai su tsaya a sama su leƙo, su yi salati, su wuce. An ce masu haƙa sun taɓa mazaunin mutanen ɓoye, shi ne suka busa wa shukar. Na yi dariya da Hure matata ta kawo mini labarin. Ita ba ta yi ba.

Abin da ni na lura da shi ban gaya wa kowa ba. Babu ciyawa. Kwana goma sha takwas da shuka, gonar kowa ta isa noman farko, tawa ko harƙiya ɗaya ba ta leƙo ba. Na sa fartanya na tona wuri huɗu, ban ga tana ba, ban ga ko tururuwa ba. Kajinmu suna zuwa bakin gangaren su juya. In ka sauka ciki, hayaniyar gari tana wucewa ta saman kanka, kai kuma sai numfashinka kake ji.

Lahadi, 30 ga Yuni, da yamma

Na zuba ragowar kamfa, na ƙara da yuriya. In yunwa ce, yau ta ƙoshi.

Talata, 2 ga Yuli, da sassafe

Ruwa: yayyafi kafin asuba.

Na dawo daga masallaci bayan karatu, rana ta ɗan fito, na zagaya ta gona. Da safe masarar takan tsaya layi-layi fara fat, babu iska, kamar mutane cikin likkafani suna jiran a ta da salla. Na yi a'uziyya don kada in sake tuna haka, kuma ga shi na rubuta.

Akwai sawu a cikin gonar. Ƙafa ba takalmi, ta sauko ta gangaren gabas, ta bi kunyar farko har ƙarshenta, ta dawo. Sawun dama ya fito sarai da yatsunsa. Na hagu babu yatsu, dogon layi ne kawai a kan jar ƙasa. A gefe kuma ƙananan ramuka, tazararsu ɗaya.

Ba a taɓa komai ba. Wa zai saci wannan?

Alhamis, 4 ga Yuli, bayan azahar

Ta ƙara fari. Karan ya ƙi tashi, ganye ya cunkushe a kan ganye kamar an danna shi da hannu. Ta Badaru ta kai ƙugu, tawa tana ƙasan gwiwa.

Sawun ya dawo, yau a kunya ta uku. A gindin kowace masara ta kunya ta ɗaya da ta biyu da ta uku akwai ɗan tsibi baƙi, cikin tafin hannu guda, an danne shi da yatsu. Na ɗiba na duba. Toka ce da kashin awaki da sharar tsakar gida. Na goge hannuna a riga na fito da sauri kamar wanda aka kora.

Baba ya nemi ƙasa, na kawo ta Badaru. Ya tambaye ni ko masara ta isa huɗa. Na ce saura kaɗan.

Ban faɗa masa ba.

Asabar, 6 ga Yuli, da magariba

Hure ta ce toka tana raguwa a murhu. Ta saba tarawa a tsohuwar tukunya saboda wanke-wanke, yanzu kullum da safe sai ta tarar an ɗiba. Ƙaramar ƙwaryarta ma ta ɓata.

Na ce yara ne.

Ta dube ni ta ce, "Malam, yaran da sai na yayyafa musu ruwa suke tashi?"

Sai ta ƙara da cewa ta wanke wa Baba ƙafa ɗazu, ruwan ya fito ja. Na ce tsakar gida ma akwai jar ƙasa. Ta ce a ina. Na tashi na tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Baba ba ya iya kaiwa zaure sai an riƙe shi. Kowa ya san wannan. Ɗakinsa dai shi ne na bakin ƙofar baya.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan la'asar

Malama Falta ta zo. Ba ni na kira ta ba, labarin farar gona ne ya kai mata har ofis. Ta tattare zaninta ta sauka ciki ba tare da ta yi salati ba, wannan kaɗai ya sa na ji sanyi a raina. Ta tsinki ganye ta ɗaga shi a rana, ta duƙa ta murza ƙasar, ta dubi gefen Badaru, ta dube ni.

"Malam Sama'ilu, ina saman gonar nan?"

Ta sake tambaya.

"Sayarwa ka yi?"

Na ce yunwa ce, Malama. Shi ne karo na farko da na amsa da bakina.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce ba kai kaɗai ba ne bana. Sannan ta yi mini bayani, zan rubuta yadda na fahimta. Takin buhu manyan abinci uku ne a cikinsa, su ne kamar tuwo. Amma shuka tana da wasu ƙananan abubuwa da take buƙata ɗan kaɗan, kamar gishiri da daddawa a miya, in babu su ko an cika mata akushi ba za ta ci ba. Wanda masarata ta rasa sunansa zinki, wato tutiya. Akwai wani da in babu shi gyaɗa takan yi kwanso ba ƙwaya, masara kuma ta fito da giɓi. Akwai wanda rashinsa ke sa wake ɗorawa. Mafi yawansu a baƙar ƙasar sama suke zama, inda takin gida da toka da ruɓaɓɓen ganye suka taru shekara da shekaru. Jar ta ƙasa ko tana da su, a ƙulle suke.

Na ce ai na ƙara kamfa.

Ta ce, "Ka ƙara ƙulle shi ke nan. In kamfa ya yi yawa a irin wannan ƙasa, ɗan zinkin da ya rage ma sai shuka ta kasa ja."

Ta ja ni kusurwar kudu, inda na kafa tsofaffin fallayen kwano don tare awaki. Masara bakwai da ke ƙarƙashinsu kore ne shar. Kullum ina ganinsu ina kau da kai, don na ɗauka wani abu ne aka binne a wurin. Ta ce da tutiya ake shafe kwanon rufi, ruwan sama ne ke wanko musu. Abin da duk gonar ke nema, in ji ta, bai cika mudu ɗaya ba, gari ne da ake damawa a fesa. Babu shi a Tsanyawa, za ta tambaya a kasuwar Dawanau ko cikin birni, amma in masarar ta wuce makonni biyu a haka ba lalle ta yi goyo ba.

Da za mu fita ta ga tsibin nan. Ta ɗiba ta shinshina.

"Wa yake zuba wannan?"

Na ce ban sani ba.

"Ko wane ne, ya san abin da yake yi. Kashin awakin nan yana ɗauke da shi."

Talata, 9 ga Yuli, da sassafe

Sawun ya kai kunya ta shida.

Juma'a, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Ruwa: mai kyau, daren Laraba.

Ina ta tuna jakunan Baba. Guda uku ne. Duk rani yakan tashi da su zuwa birni da itace, ya dawo da mangala cike da sharar unguwanni da toka da kashin tumaki. Mu yara muna toshe hanci, shi yana dariya, yana cewa ku shinshina da kyau, tuwon baɗi ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana yi. Kakana ma haka, in ji shi. A garin nan ba a barin gona ta huta, babu filin, don haka abin da ka ɗebe mata dole ka mayar mata a kan jaki.

Direban tifar ya ce mini ƙasa ce mai kyau, wai har da guntayen tangaran da tsofaffin maɓallai a ciki. Yana dariya yake faɗa.

Sabon ganyen kunya ta ɗaya da ta biyu ya fito kore. Ba sosai ba, amma kore ne. Na tsaya a kansa na rasa murna zan yi ko tsoro.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan azahar

Hure ta same ni a zaure.

"Ka faɗa masa."

"In faɗa masa me?"

"Malam, kada ka mai da ni yarinya. Tsoho makaho yana fita shi kaɗai da asuba, ga rami a bayan gida. Ko ka faɗa masa ka riƙe hannunsa ku tafi tare, ko ka kulle ƙofar baya."

Na ce ba shi ba ne, ba zai iya ba. Ta ce to aljani ne mai sanda da ƙafa ɗaya. Na daka mata tsawa, abin da ban saba ba, ta shige ciki.

In na kulle ƙofar, na nuna na sani. In na riƙe hannunsa, sai na buɗe baki. Duk biyun sun fi ƙarfina. Kunya nake ji. Na gwammace a ce aljanu ne, wallahi na gwammace.

Laraba, 17 ga Yuli, da hantsi

Yau na fito daga masallaci da wuri, ana sallamewa na taso. Na zo daidai bishiyar darbejiya, daga nan ana hango gona. Gari bai gama wayewa ba. Akwai wani abu fari a tsakiyar farar masarar, a durƙushe, yana matsawa a hankali daga gindi zuwa gindi. Ba ya ɗaga kai.

Na juya na koma masallaci na zauna har rana ta fito.

Da na dawo Baba yana kan buzunsa yana jan carbi. Na gaishe shi, ya amsa, ya ce yau karatun ya yi tsawo. Gwiwoyin rigarsa a jiƙe suke. Ya nemi ƙasa. Na tsallaka gonar Badaru na ɗebo, ya murza, ya ce madalla.

Ban faɗa masa ba.

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma

Malama Falta ta aiko cewa an samu garin zinkin a birni, sai ranar Alhamis mai kawowa zai shigo.

Kunya goma sha huɗu ke da tsibi yanzu, cikin sittin da wani abu. Ya rage sauri, jiya rabin kunya aka yi. Baba yana tari.

Litinin, 22 ga Yuli, da magariba

Hadari ya haɗu ta gabas tun la'asar, baƙi ƙirin. Na ce gobe in Allah ya kai mu zan yi wa Baba magana bayan karin kumallo. Na ma tsara yadda zan fara.

Talata, 23 ga Yuli, bayan azahar

Ruwa: tun jiya har kiran sallar farko. Ban taɓa ganin irinsa ba bana.

Ban zauna karatu ba, amma ban yi sauri ba. Na tarar da Hure a ƙofar baya ba mayafi, ta nuna gona da hannu.

Duk ruwan unguwa a gonarmu ya taru. Kawunan masarar ne kawai a waje. Gangaren gabas ya zaizaye, ya zama gaɓa. Baba yana ƙasanta a zaune cikin ruwa har ƙirji, sandar tana yawo can gefe. Ya ɗaga ƙwaryar Hure, cike da toka, sama da kansa da hannu biyu. Ban san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Bai sauke ba.

Na faɗa ruwan. Na ce Baba, ni ne.

Ya ce, "Karɓi wannan tukuna, kada ta jiƙe."

Na karɓa na ɗora a kan gaɓa, na ɗauke shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. A bayana yake, bakinsa a kunnena, muna hawowa ta gefen Badaru, sai kawai na ji ina magana. Duk abin da na tsara ya gudu. Na ce Baba na sayar da ƙasar. Na ce ba hanya ake gyarawa ba. Na ce wadda nake kawo maka ta Badaru ce.

Ya ce, "Na sani. Badaru ba ya sa toka, tasa ba ta da ƙamshi."

Muka yi taku kaɗan.

"Ina suka kai ta?"

"Rijiyar Zaki cikin birni, Baba. Wani fili ake cikewa."

"Me aka shuka a kai?"

"Gini ne. An zuba siminti."

Muka shiga ɗaki. Hure ta hura gawayi, muka canza masa riga, muka lulluɓe shi. Na durƙusa na ce ya yafe mini, ina kuka kamar ba mai 'ya'ya biyar ba. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Sama'ilu, makaho ne ni, ba kurma ba. Kwana shida ina jin shebur a bayan ɗakina. Na san ƙarar ƙasata. Da na ɗaga murya sau ɗaya da sun tsaya." Ya yi tari ya huta. "Ban ɗaga ba. Yunwa nake ji. Tuwon da aka yi da ita na ci, ran farko har ƙari na nema. Kai kana jin kunyata, ni ina jin taka, muka bar ta ita kaɗai a waje."

Na ce daga gobe tare za mu riƙa fita.

Ya ce to, Allah ya kai mu.

Laraba, 24 ga Yuli, da yamma

Zazzaɓi. An kira mai allura daga Tsanyawa, ya ce sanyi ya shiga ƙirji. Baba ba ya gane murya sosai. Yana kiran jakunansa da sunayensu.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan la'asar

Garin ya iso, a 'yar leda, ana iya sa shi a aljihu. Ruwa ya janye daga gona, Malama Falta ta ce a jira ganye ya bushe a fesa, wata za ta tashi wata ba za ta tashi ba. Na kai wa Baba na sa masa a tafin hannu, na ce ga abin da masarar ta rasa. Ya jinjina shi. Ban san ko ya fahimta ba.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan azahar

Baba ya rasu. Da hantsi muka kai shi.

Na isa maƙabarta kafin a gama haƙa. Ba a taɓa noma wurin ba, ba a taɓa kwasa ba. Baƙar ƙasa ce ta fara fitowa, mai laushi, da saiwoyi da tana a ciki, sai ja ta biyo baya. Masu haƙa suna ta watsa su wuri guda, jar tana rufe baƙar. Na ce su dakata, ba su ji ba. Na durƙusa na sa hannu ina warewa, baƙa nan, ja can, ina ta warewa, mutane suna kallona, har Badaru ya zo ta bayana ya riƙe mini hannaye biyu.